Rigar da aka ɗinka kafin a ga mai sawa: tarihin shiryayyen zubin shafin intanet

A shekarar 1861, lokacin da yaƙin basasar Amurka ya ɓarke, akwai wani mai ƙaramar jarida a garin Baraboo na jihar Wiskonsin, sunansa Ansel Kellogg. Ma'aikacin da ke taya shi jera haruffan dalma ya ajiye aiki ya shiga soja, shi kuwa Kellogg ya ga ba zai iya cika jaridarsa shi kaɗai kowane mako ba. Sai ya aika wa wata babbar jarida da ke Madison, babban birnin jihar, ya sayi takardun da aka riga aka buga labarin yaƙi a kansu, shi kuma ya ji da labarin garinsu. Dabarar ta yi masa rana. A 1865 ya koma Shikago ya mayar da ita sana'a: yana buga fuska ɗaya ta takarda da labaran ƙasa da hikayoyi da shawarwarin noma, ya bar ɗaya fuskar fara fat, ya aika wa masu jaridun ƙauyuka su cike ta da sanarwar aure da rasuwa da farashin hatsi. Kafin ƙarnin ya ƙare, dubban ƙananan jaridun Amurka da irin wannan takarda suke fitowa.

Sai dai arahar takardar tana da dalili. Kamfanonin da ke buga ta suna sayar da gurbin talla a fuskar da suka cika, har da tallar magungunan da ake cewa suna warkar da kowace cuta. Mai jarida a ƙauye sunansa ne a goshin takarda, shi mutanen gari suka sani, amma rabin abin da ke ciki bai rubuta ba, bai zaɓa ba, sau da yawa ma bai gani ba sai ranar da kaya suka iso tasha.

Na fara da wannan labari ne domin duk ɗan kasuwar da ya zauna yau gaban kwamfuta yana duba ɗaruruwan shiryayyun zubin shafin intanet, wanda masu sana'ar ke kira tamfilet, cinikin da Kellogg ya ƙulla shi yake shirin ƙullawa. Zai sami aiki mai kyan gani cikin kwana ɗaya, a kan kuɗin da bai kai na ɗinkin babbar riga ba. A madadin haka zai karɓi shawarwarin da wani ya yanke tun kafin ya san da zamansa. Tarihin shekaru talatin da suka wuce ya nuna waɗanne ne daga cikin shawarwarin nan ke da sauƙin zama da su, waɗanne ne kuma ke rusa shago.

Zamanin da kowa ke gina ɗakinsa

Shafin farko na yanar gizo Tim Berners-Lee ne ya ɗora shi a cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke kan iyakar Suwizalan da Faransa, aka buɗe shi ga jama'a a 1991. Baƙin rubutu ne kawai da mahaɗai, babu hoto, babu ado. Harshen HTML da aka rubuta shi da shi an ƙirƙire shi ne don masana su yi musayar takardun bincike, saboda haka abin da ya iya faɗa shi ne nan take ne, nan sakin layi ne, nan jeri ne. Bai san launi ba, bai san gefe da tsakiya ba.

Da manhajar Mosaic ta fito a 1993, Netscape ta biyo baya a 1994, 'yan kasuwa suka shigo, suka kuma zo da buƙatar ado. Masu zane suka shiga yi wa HTML dabara. Suka ɗauki jadawalin da aka tanada don jera alƙaluma suka mayar da shi ginshiƙin gini, suna cusa ƙananan hotuna marasa launi don su tura rubutu dama ko hagu. Kowane shafi da hannu ake gina shi, ado da rubutu a cakuɗe wuri guda. Kamfanin da ke da shafi hamsin, in ya sauya lambar waya ko launin tambarinsa, sai an buɗe hamsin ɗin ɗaya bayan ɗaya. Manhajoji irin su FrontPage, wadda Microsoft ya saya a 1996, da Dreamweaver ta 1997, sun rage wahalar, kuma a cikinsu ne mutane da yawa suka fara cin karo da shiryayyen ado na launuka da maɓallai.

Wanda ba shi da kuɗin ɗaukar mai zane kuwa, GeoCities yake nufa. David Bohnett da John Rezner suka kafa shi a 1994, suka raba shi unguwa-unguwa: mai sha'awar fim ya sauka a Hollywood, mai harkar kuɗi a WallStreet. Fili kyauta ne, kamfani kuma yana liƙa tallarsa a kan shafinka. A 1999 Yahoo ya saye shi a kan hannun jarin da ya kai kusan dala biliyan 3.6, kuma bai daɗe ba ya fito da sharuɗɗan da suka ba shi iko mai faɗi a kan abin da mutane suka rubuta, sai da masu shafuka suka yi bore ya sassauta. Bayan shekara goma, ranar 26 ga Oktoban 2009, Yahoo ya rufe GeoCities a Amurka. Wasu 'yan sa-kai da ke kiran kansu Archive Team sun yi rige-rige sun kwafe abin da suka iya kafin a kashe wuta. Mai ƙaramin shagon da ya shekara goma yana buga adireshin GeoCities a katinsa da jikin motarsa ya wayi gari adireshin ba ya kai kowa ko'ina.

Raba jiki da riga

Zubin da muka sani a yau bai yiwu ba sai da aka raba rubutu da ado. Wani ɗan ƙasar Norwe, Håkon Wium Lie, yana aiki a CERN a 1994 ya kawo shawarar a riƙa rubuta dokokin ado a takarda daban: girman harafi, launi, tazara. Shi da Bert Bos suka kammala tsarin, aka amince da shi a Disamban 1996 da sunan CSS. Amma ya ɗauki shekaru kafin ya kama ƙasa, domin Netscape da Internet Explorer suna tsakiyar gasa, kowanne yana fassara dokokin yadda ya ga dama.

Abin da ya gamsar da masu zane ya zo ne a 2003, lokacin da wani ɗan Kanada, Dave Shea, ya buɗe shafin CSS Zen Garden. Rubutu ɗaya ne, ba a yarda kowa ya taɓa ko harafi ba, amma kowane mai zane yana iya aiko da tasa takardar ado. Aka sami ɗaruruwan fuskoki waɗanda ba wadda ta yi kama da 'yar'uwarta, alhali jikin ɗaya ne. Daga nan kowa ya gane cewa ana iya ɗinka riga a ajiye, a sayar wa duk wanda ya zo.

A watan Mayun wannan shekara Matt Mullenweg da Mike Little suka fitar da WordPress, wanda suka gina a kan wata tsohuwar manhajar rubutu mai suna b2 da mai ita ya daina kula da ita. A Fabrairun 2005 fitowa ta 1.5 ta zo da tsarin sauya zubi. Rubuce-rubucenka suna zaune a rumbun bayanai, zubi kuwa shi ke ɗebo su ya jera a gaban mai karatu, saboda haka kana iya sauya fuskar shafi gaba ɗaya da latsawa ɗaya ba tare da ka rasa kalma ba. Zubin da ke zuwa tare da manhajar, Kubrick, na wani ɗan Denmak mai suna Michael Heilemann, mai shuɗin goshi da farin jiki, ya zauna a matsayinsa har 2010, kuma shafukan da suka sa shi ba sa ƙirguwa. A yau sama da kashi 40 cikin 100 na shafukan intanet a kan WordPress suke.

Da riga ta shiga kasuwa

Tun 2002 kamfanin TemplateMonster ya fara sayar da shiryayyun zane, kuma tsarin farashinsa ya fallasa gaskiyar sana'ar. Zane ɗaya yana da kuɗi biyu: ƙarami in ka yarda a ci gaba da sayar wa wasu, babba mai ninki da yawa in kana so a cire shi daga kanti. Abin da ke sa zubi araha shi ne yawan masu sa shi. A 2007 Brian Gardner ya fara sayar da zubin WordPress mai suna Revolution, wanda asalinsa zane ne da wani abokin ciniki ya ƙi karɓa, ya kuma nuna cewa mutane za su biya kuɗi don shafinsu ya yi kama da na mujalla ko na kamfani. A 2008 kamfanin Envato na ƙasar Ostireliya ya buɗe kasuwar ThemeForest, inda kowane mai zane ke baje kolinsa, ana sayen zubi a kan dala hamsin ko sittin.

Kasuwa tana da halinta. Mai saye ba ya iya ganin ingancin aikin da ke ƙarƙashi, abin da yake gani shi ne shafin gwaji, wanda aka ƙawata da hotunan ƙwararru da rubutun da aka auna tsawonsa daidai da gurbi. Saboda haka gasar ta koma ta yawan kayan ado. Aka fara yin zubi guda da ke alƙawarin zama shagon tufafi, da asibiti, da gidan abinci, da ofishin lauya, kamar Avada da ya fito a 2012 ya zama wanda aka fi saye a kasuwar. Irin wannan zubi yana tafe da kayan dukan sana'o'in nan ko da ɗaya kake buƙata, kuma in ba a tsara shi da kyau ba, wayar abokin cinikinka ce ke ɗaukar nauyin. A 2016 aka lura cewa matsakaicin shafin intanet ya kai kimanin megabait 2.3, wato girman dukan wasan kwamfuta na Doom da aka fitar a 1993.

Wata illar ta fi wannan ɓoyuwa. Don su bambanta kansu, masu zubi suka riƙa cusa aikin da ba na ado ba a cikin zubin: jerin kaya, ra'ayoyin abokan ciniki, tsarin ginshiƙai, duk da wasu alamomi na musamman waɗanda zubin nan kaɗai ke ganewa. Ranar da ka sauya zubi, sai shafukanka su cika da tarkacen alamomi, jerin kayanka kuma ya ɓace daga gani. Rabuwar jiki da riga da aka sha wahala aka samu, kasuwa ta sake ɗinke su. An ma yi rigima a fili a 2010 tsakanin Mullenweg da Chris Pearson, mai zubin Thesis, a kan ko wanda ya sayi zubi yana da 'yancin gyara shi da raba shi kamar yadda lasisin WordPress ya tanada. Pearson ya sassauta daga baya, ya saki ɓangaren umarnin zubin a ƙarƙashin wannan lasisi, ya riƙe na ado.

Abin da ke cikin aljihun rigar

Tallar maganin da ke cikin takardar Kellogg ta dawo da sabuwar kama. A tsakiyar shekarun 2000 an cika intanet da zubin kyauta waɗanda aka dasa wa mahaɗai zuwa shafukan caca da makamantansu, domin masu su su sami matsayi a Google. A 2007 aka kore irin waɗannan daga ma'ajiyar zubin WordPress, amma suka ci gaba da yawo a wasu wurare, wasu da umarnin da aka rikita rubutunsa don kada mai shafi ya gane. Har gobe wannan ita ce sana'ar masu raba zubin kuɗi a kyauta bayan sun fasa makullinsa. Ruwa ba ya tsami banza.

Ko zubin da aka saya da halal bai tsira ba. A Agustan 2011 wani mai shafi, Mark Maunder, ya tarar an kutsa masa, ya bi sawu har ya gano ƙofar: wata 'yar manhaja mai suna TimThumb, wadda aikinta kawai rage girman hoto. Masu zubi da yawa sun ɗauke ta sun saka a kayansu, kuma tana da ɓarakar da ke ba ɓarawo damar ɗora nasa umarnin a kan shafin. Akasarin waɗanda abin ya shafa ba su taɓa jin sunanta ba.

Na 2014 ya fi muni. Slider Revolution manhaja ce mai juya manyan hotuna a goshin shafi, kuma an haɗa ta cikin zubi masu yawa na ThemeForest a matsayin gyara. Masu ita sun gano ɓaraka sun toshe a farkon shekarar, wanda ya saya kai tsaye daga gare su ya sami gyaran. Amma wanda ya same ta a cikin zubi sai ya jira mai zubin ya sabunta, kuma da yawa ba su yi ba, ko sun yi mai shafi bai sani ba. A Disamba aka yi amfani da wannan ƙofa aka baza cutar da aka kira SoakSoak. Kamfanin tsaro na Sucuri ya ƙiyasta shafukan da suka kamu sun haura 100,000, Google kuma ya sa sama da adireshi 11,000 a jerin masu haɗari. Ga ɗan kasuwa, ma'anar wannan ita ce abokin ciniki ya nufo shagonka ya tarar da jan gargaɗi cewa kada ya shiga. Tun daga lokacin, tambayar farko da masana ke yi game da zubi ita ce yaushe aka sabunta shi na ƙarshe, kuma wa ke bayansa.

Wayar hannu ta sauya ma'auni

Yawancin zubin shekarun 2000 an yanka su ne daidai faɗin allon kwamfutar tebur, masu ƙyalƙyali daga cikinsu kuma da Flash aka yi su. IPhone ta fito a 2007 ba ta buɗe Flash, a Afrilun 2010 kuma Steve Jobs ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa ya tabbatar ba za ta buɗe ba. Wata guda bayan haka Ethan Marcotte ya wallafa maƙala a mujallar A List Apart inda ya bayyana yadda shafi ɗaya zai riƙa miƙewa da tsukewa gwargwadon allon da aka buɗe shi. A 2011 Mark Otto da Jacob Thornton, ma'aikatan Twitter, suka saki Bootstrap, wani shiryayyen ƙashin gini, wanda dubban masu zubi suka ɗora aikinsu a kai. Ranar 21 ga Afrilun 2015 Google ya fara fifita shafukan da suka dace da waya a binciken da aka yi ta waya. Flash kuwa Adobe ya yi masa jana'iza a ƙarshen 2020. Duk wanda ya sayi zubin Flash saboda ya fi burgewa a shagon gwaji, sai da ya sake gini daga tushe.

A wannan zamani ne shafuka suka koma kama ɗaya: ƙaton hoto a sama, gajeriyar jimla, maɓalli, sannan akwatuna uku a jere. Masu zane sun yi ta kuka da haka. Amma ga mai shago, kamannin nan ba shi ne abin tsoro ba. Tun 2000 masanin amfani da shafuka Jakob Nielsen ya yi nuni da cewa mutane suna ɓata mafi yawan lokacinsu ne a shafukan wasu, don haka sun fi son naka ya yi aiki yadda suka saba. Wanda ya shiga kasuwa ya san inda ake ajiye sikeli. In kwandon saye yana sama ta dama a ko'ina, mayar da shi wani lungu don a bambanta hasara ce.

Haya ko mallaka

A gefe guda wasu kamfanoni suka ce su za su ɗauke wa ɗan kasuwa dukan wahalar. Anthony Casalena ya fara Squarespace daga ɗakin kwanansa na jami'ar Maryland. Wix ya tashi a Isra'ila a 2006, da Flash ya fara, ya koma sabon tsari a 2012. Shopify kuwa ya samo asali ne daga shagon sayar da allunan wasan ƙanƙara da Tobias Lütke ya buɗe a Kanada, ya rasa manhajar da ta gamsar da shi, ya rubuta tasa, aka buɗe ta ga jama'a a 2006. A wurinsu zubi da masauki da tsaro duk a kuɗin wata ɗaya suke, kuma irin bala'in TimThumb ya zama ciwon kansu.

Farashin wannan sauƙi shi ne ka zama ɗan haya. Shafin da aka gina a Wix ba ya ɗaukuwa a kai shi wani masauki, in za ka tashi sai dai ka kwashe rubutu da hotuna ka sake gini. Kuma labarin GeoCities bai zama tarihi ba tukuna: a Maris na 2024 Google ya rufe ƙananan shafukan kyauta da ya bai wa masu shaguna ta hanyar rajistar kasuwancinsu, bayan 'yan watanni adireshin ma ya daina aiki. Wanda ya yi rajistar sunan adireshinsa da kansa, da sunansa, yana biyan kuɗinsa duk shekara, shi ne ke iya sauya masauki abokan cinikinsa ba su ma sani ba. Zanen aro ba ya rufe katara.

Da jikin wa aka auna

Saura tambayar da ta fi shafar mai karanta wannan da Hausa. Kowane zubi da wani mutum a zuciya aka yanka shi, kuma galibi mutumin yana da intanet mai sauri marar iyaka, yana biya da kati, yana da lambar gidan waya, yana rubutu da Ingilishi. Mai sayar da turare a Kano ko mai ɗinki a Damagaram abokin cinikinsa da waya yake shigowa, da datar da ya saya da awo, kuma sau da yawa abin da yake nema shi ne farashi da maɓallin WhatsApp, ya yi magana da mutum kafin ya tura kuɗi. Bidiyon da ke kunna kansa a goshin shafi kuɗin wannan mutum yake ci kafin ya ga kaya.

Akwai kuma haruffanmu. Ƙ da ɗ da ɓ suna cikin tsarin Unicode, amma suna zaune ne a wajen rukunin haruffan da harsunan Yammacin Turai ke amfani da su, kuma yawancin salon rubutun da ake ƙawata zubi da su ba a zana musu waɗannan ba. In harafi ya ɓace, manhajar buɗe shafi takan aro shi daga wani salon, sai ka ga kalma ɗaya da harafi guda ya fi sauran kauri ko ya karkace, wani lokaci ma akwati ne fanko. Akwai salon da suka cika, kamar dangin Noto na Google. Gwajin ba ya cin minti biyu: kafin ka biya, ka rubuta “ƙwarya” da “ɗanɗano” da “ɓawo” a take da cikin rubutu, ka buɗe a ƙaramar waya. Ka kuma cire hotunan gwaji ka sa naka, waɗanda ka ɗauka a shagonka da hasken da kake da shi, domin da su zubin zai rayu.

Takardar Kellogg ta yi kusan shekara casa'in ana buga ta, sai a farkon shekarun 1950 kamfanin Western Newspaper Union, wanda ya gaji kasuwar, ya daina. Ta rayar da jaridun da ba don ita ba da sun mutu tun suna jarirai. Amma mutanen gari ba don fuskar da aka buga a Shikago suke biyan kuɗin jarida ba, tun da irinta ce a garin gaba. Suna biya ne don ɗaya fuskar, inda aka rubuta wanda ya haihu, da wanda ya sayar da gona, da nawa ake sayar da alkama a ranar kasuwa. A shafin ɗan kasuwa, wannan fuskar ita ce hoton kayansa na gaskiya, da farashin yau, da kwatancen shago, da lambar da in an kira za a ɗauka. Ita ce ba a sayarwa a ThemeForest, kuma ita aka fi bari fanko.